Dokar Intanet a Najeriya: Tsabtace Kafafen Sada Zumunta Ake Yi Ko Ɗaure Bakin Jama'a?

Duk lokacin da aka kama wani saboda abin da ya rubuta a Facebook ko ya faɗa a TikTok, sai gari ya rabu biyu. Wasu su ce, "Maganinsa ke nan, ai rashin kunyar 'yan soshiyal midiya ta isa haka." Wasu su ce mulkin soja ne ya dawo sanye da babbar riga. A yi kwana uku ana cacar baki, wani sabon zance ya taso, a manta da wanda ke kulle. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne: wace doka aka riƙe aka kama shi, me dokar ta ce, kuma hannun wa aka danƙa wa ikon cewa wannan magana laifi ce, waccan kuwa ra'ayi ce?

A nan gizo ke saƙar. Da wuya ka sami mai hankalin da zai ce a bar intanet kara zube. Rigimar tana kan wanda zai riƙe almakashin, da kuma wuyan rigar wa ake fara yankewa in an tashi yanka.

Ƙa'ida daban, takunkumi daban

Abu biyu ake cakuɗawa a wannan muhawara, wani lokaci da gangan. Ƙa'ida ita ce a tsara yadda harka za ta gudana domin kare masu amfani da ita: kada kamfani ya yi ciniki da bayanan mutane ba da saninsu ba, ɗan damfara ya gamu da hukunci, yarinyar da aka yaɗa hotonta don a tozarta ta ta sami inda za ta kai kuka. Tarar dala miliyan 220 da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, a Yulin 2024 a kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya, cikin wannan babi take. Takunkumi kuwa shi ne mai iko ya hana magana fita, ko ya hukunta mai ita, saboda abin da ta ƙunsa ya sosa masa inda yake masa ƙaiƙayi.

Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin riƙe ra'ayi, da karɓar bayani da isar da shi ba tare da katsalandan ba. Sashe na 45 kuma ya bar ƙofa a buɗe: ana iya taƙaita wannan 'yanci domin tsaron ƙasa, zaman lafiya, tarbiyya, lafiyar jama'a ko kare haƙƙin wasu, in dai dokar abu ce da hankali zai ɗauka a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Duk gwamnatin da ta tashi ɗaure baki ta wannan ƙofa take shiga, shi ya sa lauyoyi ba sa tsayawa ga sunan da aka raɗa wa doka. Sukan duba ko a fili take, yadda mutum zai san abin da aka hana tun kafin ya aikata. Sukan duba ko wata ɓarna ta gaske take karewa. Sannan su duba ko hukuncin ya dace da girman laifin, kada a ɗauko tabarya don kashe sauro. Dokar da ta faɗi a ɗaya daga cikin waɗannan, ko an kira ta dokar kare al'umma, takunkumi ce.

Hujjar masu cewa a sa hannu

Adalci ne a faɗi cewa masu neman a tsaurara doka ba da ka suke magana ba. Wanda ya yi wayo a Agustan 2014 ba zai manta daren wankan gishiri ba. Ni kaina wajen ƙarfe uku na dare waya ta tashe ni, gwaggona ce daga ƙauye, muryarta na rawa, tana cewa in tashi yara a yi musu wanka da ruwan gishiri kafin asuba, a kuma ba su su sha, wai maganin Ebola ne. Saƙo ɗaya ya karaɗe ƙasar nan cikin dare guda. Da gari ya waye an kwantar da mutane a asibiti, wasu sun rasa ransu.

A Yunin 2018, lokacin rikicin Barikin Ladi a Filato, an yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook, wasunsu ba ma a Najeriya aka ɗauke su ba. 'Yan sandan jihar da kansu sun ce hotunan sun ƙara rura wutar da ta kai ga tare matafiya a hanya ana kashewa. Ga kuma ɓarnar yau da kullum wadda ba ta shiga jarida: auren da ya mutu saboda ƙage, malamin da aka yanke wa karatu aka haɗa masa abin da bai faɗa ba, 'yar kasuwar da kishiyar sana'a ta ɓata wa suna. Addininmu ma ya yi horo da a bincika labari kafin a ɗauka, ya kuma tsananta a kan ƙazafi da annamimanci. Don haka idan uba ya ce a yi wa abin nan linzami, yana da abin faɗa.

Sai dai tambayar da nake so mai karatu ya riƙe ita ce, cikin waɗanda aka kama a shekarun nan, nawa ne aka kama don sun cuci talaka irin wannan cuta, nawa ne kuma aka kama don sun taɓa mai mulki ko mai kuɗi?

Sashe na 24: inda igiyar take

A watan Mayun 2015, ana saura kwanaki ya sauka, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Laifukan Intanet. Yawancin abin da ke cikinta ba abin musu ba ne: kutse a kwamfuta, damfara, satar bayanan katin banki, hotunan batsa na ƙananan yara. Sashe na 24 ne ya zama alaƙaƙai. An yi shi ne da sunan hana bibiyar mutum da tsangwama ta intanet, amma kalmominsa sun yi faɗin da babu wanda ba zai shiga ciki ba. Ya haramta aika saƙon da ya yi "muni ƙwarai", ko wanda mai shi ya san ƙarya ne ya aika don ya jawo wa wani ɓacin rai, takura, cin fuska, ƙiyayya ko damuwa marar dalili. Hukuncinsa tarar da ta kai naira miliyan 7, ko ɗaurin da ya kai shekara 3, ko a haɗa wa mutum duka.

A duba kalmar ɓacin rai kawai. Wane shugaban ƙaramar hukuma ne ransa ba zai ɓaci ba in an nuna hoton rijiyar burtsatsen da aka ce an gina alhali fili ne fetal? Doka ta ce sai in mai rubutun ya san ƙarya ne, to amma wa ke tantance hakan a ranar kamu? Ɗan sandan da aka kai wa takardar ƙorafi, kuma mai ƙorafin shi ne wanda aka soka.

Ƙungiyoyin kare haƙƙi sun kai ƙara, kotunan cikin gida har da Kotun Ɗaukaka Ƙara suka ce sashen bai saɓa wa tsarin mulki ba. Kotun ECOWAS ce ta ga abin daban. A Yulin 2020 ta umarci Najeriya ta soke sashen ko ta gyara shi, ta kuma sake faɗin haka a Maris 2022 a ƙarar da ƙungiyar kare haƙƙi ta SERAP ta shigar. Sai a Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a gyaran. An cire ɓacin rai da cin fuska da takura. Abin da ya rage shi ne saƙon batsa, da saƙon da mutum ya san ƙarya ne ya aika don ya haddasa rushewar doka da oda ko ya jefa rai cikin haɗari.

Gyara ne na gaske, bai kamata a raina shi ba. Amma "rushewar doka da oda" ita ma riga ce da ake iya sa wa kowa. Wata biyu da 'yan kwanaki bayan gyaran, ranar 1 ga Mayun 2024, 'yan sanda suka ɗauke ɗan jarida Daniel Ojukwu a Legas saboda rahoton da ya yi a kan kuɗin kwangilar gina ajujuwa. Kwanaki suka wuce danginsa ba su san inda yake ba, aka wuce da shi Abuja, sai ranar 10 ga wata aka sake shi bayan an yi zanga-zanga. Kuma ko da babu Sashe na 24, a Arewa akwai tsohuwar sanda a jingine: dokar Penal Code, wadda a sashe na 391 da 392 ta mai da ɓata suna laifin da ake ɗaure mutum a kai har shekara 2.

Kamun shi ne hukuncin

Wannan shi ne abin da mutane da yawa ba su gane ba, kuma a ganina shi ne zuciyar maganar. Mai ƙorafi sau da yawa ba ya buƙatar ya yi nasara a kotu. Abin da yake so ya riga ya samu tun kafin alƙali ya buɗe fayil: an zo an ɗauki mutum a gaban iyalinsa, an ƙwace wayarsa, an kai shi garin da bai san kowa ba, an kwana da shi a bayan kanta, an sa sharuɗɗan belin da sai an sayar da gona ko an yi ta roƙon wani babban ma'aikacin gwamnati ya tsaya masa. Bayan wata da watanni a janye ƙara, a ce an yafe masa, har a sa shi ya yi godiya.

A Nuwamban 2022 aka ɗauke wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse daga makaranta aka kai shi Abuja, saboda jimla ɗaya ta Hausa da ya rubuta a Twitter watanni kafin nan a kan uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, Aisha Buhari, cewa an ci kuɗin talakawa an ƙoshi. An gurfanar da shi, aka tura shi gidan gyaran hali na Suleja, sai a farkon Disamba aka janye ƙarar bayan ƙasa ta ɗauki zafi. A cikin watan Nuwamban nan dai, wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda bidiyon barkwancin da suka yi a kan gwamnan jihar na lokacin, Abdullahi Ganduje. Mutum yana iya ganin maganganun nan ba su da ladabi, ni ma ba zan koya wa ɗana su ba. Amma rashin ladabi aikin iyaye ne da malamai da mutanen unguwa. Ranar da ya zama aikin ankwa, to an canza masa suna.

Ba 'yan siyasa kaɗai suka gano daɗin wannan hanya ba. A Satumban 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani da ta saya ya cika sukari. Kamfanin ya kai ƙorafi, aka kama ta, aka ɗauke ta zuwa Abuja, daga baya aka tuhume ta a ƙarƙashin Dokar Laifukan Intanet. Duk matar da ke sayar da turaren wuta ko atamfa a WhatsApp, da duk mai saye da ke son ya ce kayan ba su da kyau, wannan shari'a ta shafe su.

Akwai kuma abin da ya fi kamu ban tsoro. Tun farkon Agustan 2019 da wasu mutane suka ɗauke Abubakar Idris Dadiyata a ƙofar gidansa a Barnawa, Kaduna, ba a sake ganinsa ba. Malamin jami'a ne da ya yi suna wajen sukar masu mulki a intanet. Babu kotun da ta tabbatar da wanda ya ɗauke shi, kuma wannan shirun kansa ya koya wa matasan Arewa darasin da babu dokar da ta rubuta shi.

Abin da majalisa ta kasa, an bi ta bayan gida

Sau da dama an gwada kawo doka ta musamman a kan kafafen sada zumunta. A 2015 Sanata Bala Ibn Na'Allah ya kawo ƙudurin da ya tanadi ɗaurin shekara 2 ga mai yaɗa zargi a irin su WhatsApp da Facebook, aka janye shi a 2016. A Nuwamban 2019 Sanata Mohammed Sani Musa ya kawo wanda aka fi sani da ƙudurin soshiyal midiya, wanda zai ba 'yan sanda damar sa a toshe shafi in sun ga ƙarya ake yaɗawa. A daidai lokacin Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya dawo da na kalaman ƙiyayya, mai ɗauke da hukuncin rataya in kalaman sun jawo asarar rai. Duka sun mutu saboda jama'a sun yi ca.

Amma ranar 4 ga Yunin 2021, kwana biyu bayan Twitter ta goge wani rubutun Shugaba Muhammadu Buhari da ya yi ishara da yaƙin basasa, Ministan Yaɗa Labarai Lai Mohammed ya sanar da dakatar da kafar baki ɗaya. Babu ƙudurin majalisa, babu umarnin kotu. Ministan Shari'a Abubakar Malami ya ce a gurfanar da masu ci gaba da shiga, hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta hana su amfani da ita. Kwana 222 aka yi, sai 13 ga Janairun 2022 aka buɗe. A Yulin shekarar Kotun ECOWAS ta ce dakatarwar haramtacciya ce, amma ihu ne bayan hari. A shekarar kuma hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ta fitar da ƙa'idojin da suka wajabta wa kamfanonin intanet cire abin da wata hukumar gwamnati ta ce ya saɓa doka cikin sa'o'i 48. Kamfanin da ke tsoron a rufe masa kasuwa ba zai tsaya gardama a kan rubutun wani bawan Allah daga Gumel ba, gogewa zai yi.

Salon ba sabo ba ne. Dattawan Kano da Katsina suna tuna yadda kotunan En'e suka riƙa ɗaure 'yan NEPU da yi musu bulala a shekarun 1950 da sunan sun zagi sarauta. A 1984 dokar soja mai lamba 4 ta ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda. Bambancin kawai, a da sai kana da jarida ko lasifika kake shiga wannan haɗari. Yau duk mai waya da data ta naira ɗari biyu ya zama ɗan jarida a idon doka, ba tare da lauyan kamfani ko ƙungiyar da za ta tsaya masa ba. Ga layinsa an haɗe da lambar NIN, ga Sashe na 38 na Dokar Laifukan Intanet ya wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan masu hulɗa da su na shekara 2.

In aka katse layin gaba ɗaya

Mafi tsananin takunkumi shi ne wanda ba ya zaɓe. A farkon Satumban 2021 hukumar NCC mai kula da kamfanonin sadarwa ta sa aka rufe layukan waya a Zamfara don a yaƙi 'yan bindiga. Mako biyu aka ce, amma wasu yankuna sun doshi wata uku, aka kuma faɗaɗa zuwa sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna. Mutane da yawa sun goyi baya da farko, don an gaji da masu kai wa ɓarayi rahoto. Sai ga masu POS sun zauna, ɗan da ke Legas ya kasa turo wa mahaifiyarsa kuɗin magani, mutane sun koma rubuta wasiƙa suna ba direbobi a tasha. Ƙauyen da aka kai wa hari kuma ba shi da hanyar kiran ɗauki, ba shi da hanyar sanar da duniya. Aka buɗe layi, ta'addancin yana nan.

'Yan'uwanmu na maƙwabta sun sha irin wannan. Chadi ta toshe kafafen sada zumunta wata 16, daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019. Nijar ta katse intanet ɗin waya kwana 10 bayan zaɓen Fabrairun 2021. Dokar laifukan intanet ta Nijar ta 2019 ita aka riƙe aka tsare 'yar jarida Samira Sabou a 2020 saboda rubutun Facebook a kan badaƙalar sayen makamai. A 2022 gwamnatin Mohamed Bazoum ta cire ɗauri a laifin zagi da ɓata suna, a Yunin 2024 gwamnatin Janar Tiani ta mai da shi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa doka tana daɗewa fiye da wanda ya yi ta, kuma wanda ya tafa mata yau don tana cin abokin adawarsa, gobe yana iya zama shi ne ɗan adawar.

Akwai wata hanya?

Akwai, kuma ba daga Turai za a aro ta ba. Ghana ta soke ɗauri a kan ɓata suna tun 2001. A nan gida, tun 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta faɗa a shari'ar Arthur Nwankwo cewa mai riƙe da muƙami dole ya jure suka, in kuma an yi masa ƙage ya je kotu ya nemi diyya kamar kowa. Abin da masu fafutuka ke nema bai wuce haka ba: ɓata suna ya koma ƙarar neman diyya, kada a goge rubutu ko a toshe shafi sai da umarnin alƙali, a yi wa mutum shari'a a inda yake zaune, a bar ɗauri ga mai barazanar kisa da mai tunzura jama'a su zubar da jini. Masu adawa da wannan suna cewa shari'ar diyya tana ɗaukar shekaru kuma talaka ba shi da kuɗin lauya. Gaskiya ne. Sai dai talakan da aka yi wa ƙage yau, in ya kai ƙorafi, ba na jin za a tashi mota daga Abuja a je kamo masa wanda ya cuce shi.

Yadda abin ke isowa gidan talaka

Illar da ta fi yawa ba a ganinta a kotu. Tana cikin rubutun da aka fara aka goge, da guruf ɗin unguwa da shugabansa ya ce a daina maganar gwamnati kada a jawo masa, da ma'aikaciyar jinyar da ta ga babu magani a asibiti ta ja bakinta. A garuruwan da babu wakilin jarida, wayar hannu ce kaɗai ke sanar da duniya cewa gada ta karye ko an sace mutane a hanyar kasuwa, kuma da zaɓen 2027 ke ƙaratowa masu son a yi shiru za su ƙaru.

Wani ƙanena malamin firamare ne. Bara iska ta yaye rufin ajinsa, ya ɗauki hoton yara zaune a ƙasa rana na dukansu, ya sa a Facebook da jimla biyu, babu zagi babu sunan kowa. Ba a yi awa ɗaya ba mahaifiyarmu ta kira shi, don wata maƙwabciya ta nuna mata. Ina zaune kusa da shi ina jin muryarta: "Kai yaron nan, ka goge abin nan yanzun nan. In suka zo suka tafi da kai, wa muka sani a Abuja?" Ya ce, "Inna, ai gaskiya na faɗa." Ta ce, "Na sani. Goge."

Ya goge. Babu wanda ya yi masa barazana, babu ɗan sandan da ya san da rubutun. Da damina ta sauka sai ya riƙa haɗa yaransa da na aji huɗu, su fiye da ɗari a ɗaki ɗaya, ranar da aka yi ruwa da safe kuwa a tashe su su koma gida.